Daren Damagaram Takaya da biranen taurari

Baƙon da ya sauka Zindar, abin da akan nuna masa sananne ne. Za a kai shi Birni ya ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar da Tanimu ɗan Sulaimana ya gina, a ratsa da shi lungunan da ke tsakanin manyan duwatsun nan masu kama da giwaye a durƙushe, a nuna masa gidan da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852, sannan a gangara da shi Zango da kasuwar Dole ya sayi takalmi da jakar fata. Da magariba ta yi sai a ce masa yawo ya ƙare. Alhali kuwa ƙasar Damagaram tana da wani abin kallo wanda ba ya fitowa sai bayan isha'i, kuma ba a ganinsa sosai daga cikin gari. Sai an ba fitilun birni baya, an yi gabas maso arewa kamar tafiyar kilomita 70, zuwa Damagaram Takaya.

Damagaram Takaya ba ta cika samun baƙi ba. Har zuwa 2011 tana ƙarƙashin Mirya, a shekarar ce aka ɗaga ta ta zama gunduma mai perefenta, ta haɗa da Gidimuni mai tabkuna da lambuna, da Albarkaram, da Mazamni, da Mowa, da Wame. Ƙasa ce ta jigawa da gero da wake, nan gawo can aduwa, ga tsaunukan duwatsu jefi-jefi, Hausawa da Barebari suna noma, Fulani da Buzaye suna ratsawa da bisashe. Masu tarihi sun nuna cewa daga wannan gabashi gidan sarautar ya taso: wani malami mutumin Barno, Malam Yunus, ya zauna a ƙauyen da ake kira Damagaram a shekarun 1730, zuriyarsa suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari har Sarki Sulaimana ya kafa gadon mulki a Zindar a farkon ƙarni na 19. Sarauta ta tafi da sunan, ta ja kasuwa da ayarin Turabulus, daga baya bariki da lakwal da kuran duk suka bi ta can. Abin da aka bar wa gabas shi ne dare irin na dā.

In an yi sallar isha'i a ƙarshen wata, aka fita bayan gari kamar tafiyar minti goma, aka kashe tocila da salula, ido yana bukatar wajen minti 20 kafin ya saba. Daga nan sai sama ta soma cika. Da farko manyan taurari ne, sannan ƙanana su yi ta ɓullowa a tsakaninsu har mutum ya rasa inda zai nuna da yatsa bai dace da ɗaya ba. Farin zanen nan da ya ratsa sama daga gefe zuwa gefe, wanda malamai ke kira Majarra da Larabci, Faransawa kuma suke ce wa hanyar madara, yana fitowa da rassansa da baƙaƙen tsibiransa kamar gulbin da ya rarrabu a kan yashi. Kaza da ƴaƴanta, wadda ɗan birni ke gani kamar ɗan tabo, a nan mai lafiyar ido yana ƙirga ƴaƴan shida ko bakwai, wani ma ya ɗara.

Matsayin garin a bayan ƙasa shi ma ya taimaka. Yana wajen daraja 14 arewa da tsakiyar duniya. Sabili da haka tauraron arewa, wanda matafiya Sahara suka daɗe suna saita hanya da shi, ƙasa-ƙasa yake tsaye, kamar dunƙulen hannu ɗaya da rabi daga doron ƙasa in an miƙe hannu. Abin da aka rasa ta arewa an same shi ta kudu. Taurarin nan huɗu da Turawa ke kira Gicciyen Kudu suna leƙowa a bazara, mutumin Paris kuwa ba zai taɓa ganinsu daga ƙofar gidansa ba. In ban da wani ɗan yanki a can ƙuryar kudu, babu ɓangaren sama da ba ya ratsawa ta kan Damagaram cikin shekara.

Irin wannan duhu ya zama abu mai wuyar samu a duniya. A 2016 wasu masana, bisa jagorancin Fabio Falchi ɗan ƙasar Italiya, suka fitar da taswirar hasken dare ta duniya baki ɗaya, daga awon tauraron ɗan'adam. Suka gano cewa kashi ɗaya cikin uku na bil'adama ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune. A Turai mutum 60 ne cikin 100, a Amurka ta Arewa kusan 80. Fitilun titi da na kantuna da na filayen ƙwallo suna watsa haske sama, ƙura da raɓa su maido shi, sama ta yi fari-fari kamar tsarin kunu. Ƙasashen da suka fi tsira su ne irin su Cadi maƙwabciya, da Afirka ta Tsakiya, da Madagaska. Dalilin tsirar ba abin alfahari ba ne, kuma bai kamata a yi masa kwalliya ba. A Nijar, bisa lissafin Bankin Duniya na 2022, masu kuran ba su wuce 20 cikin 100 ba, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa. Duhun da mai kallon taurari ke yabo, a cikinsa ne ungozoma ke karɓar haihuwa da tocila a baki, saboda shi ne ɗan lakwal ke rufe kayensa tun da wuri. Amma tun da yana nan, kuma ba dawwama zai yi ba, ya kyautu a san abin da ake iya gani a cikinsa.

Daga Baɗanul Hutu zuwa Andromeda

Mutanen ƙasar nan ba baƙin sama ba ne. Manomi ya san Kaza, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Zara matar wata. Malaman hisabi kuma suna riƙe da lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. Da shi ne ake cewa an shiga Ɗarfa, ruwa zai yi ƙarfi, ko an shiga Sarfa, damina ta juya baya. Kowace shekara kuma, da almurun 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramadan, dubban idanu ne ke duban yamma suna neman jinjirin wata.

Cikin taurarin nan 28 akwai wanda ake kira Baɗanul Hutu, wato cikin kifi. A lissafi na bazara ne, amma da yake tauraron da rana ke kusa da shi ba ya ganuwa da dare, sai da kaka yake hawa sama sosai bayan isha'i, arewa kaɗan da tsakar ka. Tauraro ne ja-ja, Turawa suna ce masa Mirach. In an same shi, aka ɗan ja ido arewa maso yamma, aka wuce wasu ƙananan taurari biyu, sai a ga wani ɗan tabo mai dishi-dishi, dogo kamar guntun auduga da aka ja. Ba ya ƙyalli kamar tauraro, kuma ya fi fitowa in an kalle shi da wutsiyar ido. Abdurrahman as-Sufi, masanin taurari na ƙasar Farisa, ya sa shi cikin littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Shi ne abu mafi nisa da idon mutum ke iya gani cikin sauƙi ba tare da na'ura ba.

Sunansa a yau Andromeda, kuma shi ne abin da masana ke kira galaksi, wato birnin taurari. Duk taurarin da ido ke gani ɗai-ɗai, har da rana, ƴan birni guda ne, Majarra kuwa ita ce birnin in an hange shi daga ciki, kamar yadda mai tsaye a lungu yake ganin katangun nesa sun haɗe sun zama ɗaya. Taurarin cikinsa sun haura miliyar 100. Andromeda wani birnin ne dabam, wanda ya kai wannan girma ko ya fi. An daɗe ana gardama a kan haka, har sai da Edwin Hubble, a 1923, da babban madubin dutsen Wilson na Amurka mai faɗin mita biyu da rabi, ya tsinci wani tauraro a cikinsa mai hawa da saukar haske, ya auna nisa da shi, ya tabbatar cewa can waje yake.

Nisan ya fi ƙarfin kilomita, sai dai a auna shi da gudun haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga wata yana isowa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, daga rana minti 8, daga Kaza shekara 440 da ƴan kai, wato hasken Kazar da ake gani bana ya baro gida tun ba a san da sarautar Damagaram ba. Daga Andromeda kuwa shekara miliyan biyu da rabi. Kuma cikin manyan birane ita ce maƙwabciya ta jikin katanga.

Abin da ƙaramin madubi ke iyawa

Ido yana da gazawa biyu. Ƙofarsa ƙarama ce, ba ta wuce milimita 7 ko a cikin duhu, sannan ba ya ajiya: abin da ya shiga yanzu ya shuɗe kafin ƙiftawa. Madubin hangen nesa yana maganin ta farko. Jama'a sukan ɗauka aikinsa ƙara girman abu ne kawai, alhali babban aikinsa tara haske ne, yadda rufin kwano ke tara ruwan sama ya zuba a randa. Gilashi mai faɗin santimita 5 yana tara hasken da ya ninka na ido sau 50, mai santimita 20 kuma sau 800. Na'urar ɗaukar hoto ita ke maganin gazawa ta biyu, domin tana iya buɗe ido minti ɗaya, ko awa ɗaya, tana ta tarawa ɗigo bayan ɗigo. Mutumin Zindar, wanda ya saba ajiye bokiti ƙarƙashin pampo mai ɗiga da tsakar dare, ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Don haka wanda ya kafa ido a madubi yana jiran ya ga irin hotunan mujalla, ransa zai ɓaci. Ko ta madubin santimita 20, yawancin biranen taurari tabo ne toka-toka. Hannayen da suka murɗe kamar gammo, da shuɗin sababbin taurari, da baƙin zaren ƙurar da ya ratsa su, sai a hoto.

Wahalar ɗaukar hoton ita ce duniya ba ta tsayawa. Tana juyawa daraja 15 kowace awa, tauraron da aka saita yanzu kafin a sha shayin farko ya fice daga madubi. Dole ne a ɗora madubin a kan ƙafa mai inji, wadda ke binsa sannu a hankali daga gabas zuwa yamma. Ko da injin ma, ba a ɗaukar dogon hoto guda. Ana ɗaukar gajeru ne ɗaruruwa, na daƙiƙa 10, ko 30, ko minti biyu, a jibga su bisa juna a kwamfuta. Kowane hoto yana fitowa da ɗigo-ɗigo na ƙarya kamar allon talabijin da ya rasa tasha. Sai dai ɗigon ƙarya yana canza wuri daga hoto zuwa hoto, hasken gaskiya kuwa kullum wuri ɗaya yake sauka, saboda haka in an haɗa su ƙaryar tana cin kanta, gaskiyar tana kauri. Ƙa'idar lissafinsa mai tsauri ce: kafin tsabtar hoto ta ninka sau biyu, sai an ninka lokaci sau huɗu. Hoton awa ɗaya in ana son ya ninka kyau sai awa huɗu, in ana son ya sake ninkawa sai awa 16. Ciniki ne da ribarsa ke raguwa kullum, amma ba a faɗuwa. Manhajar da ke wannan jibgi, irin su Siril, kyauta ake samunta a intanet, kuma tana jin Faransanci.

A dā kayan wannan aiki sai mai hannu da shuni. A 2023 kamfanin ZWO na ƙasar Sin ya fitar da wata ƴar na'ura mai suna Seestar S50, gilashinta santimita 5, nauyinta wajen kilo 3, da kyamara da inji da batiri duk a ciki. Da salula ake sarrafa ta, ita ke neman abin da aka ce ta nema, ita ke jibga hotunan daƙiƙa goma-goma, mutum yana kallo a allo tabon yana zama birni a gabansa. Kuɗinta da ta fito dalar Amurka 500 ne, wato wajen jika 300 na sefa kafin duwan da jigila. Bai kai kuɗin sabon moto ba, kuma pano guda yana cika batirinta, ba sai ta jira NIGELEC ba. Ba za ta yi gasa da manyan madubai ba. Ƙananan birane masu nisa suna fitowa ne kamar ƙwayar ridi. Andromeda kuma ta fi ƙarfin filinta, sai gutsure-gutsure, domin tsawonta a sama ya kai faɗin wata shida a jere. Amma abin da ƙaramin gilashi ya fi bukata shi ne baƙar sama, kuma wannan ba a sayensa a kanti. Aikin da zai ci dare da yawa a bayan garin Paris ko Legas, a jigawar Damagaram Takaya dare ɗaya yana iya isarsa.

Kaka, hazo da bazara

Sama mai duhu ba kullum take a buɗe ba. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ne ke da iko. Lokacin da ya fi kowanne shi ne bayan ruwan ƙarshe, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, sa'ad da damina ta wanke iska, ana ɗaurin gero, hunturu bai taso ba. A nan ne Andromeda ke hawa daraja 63. Can kudu da ita akwai wani birni siriri kamar sandar makiyayi da aka jefar, NGC 253, wanda wata mace, Caroline Herschel, ta gano a Ingila a 1783; nisansa shekarar haske miliyan 11. A Turai yana jan ciki ne a gefen sama, a nan kuwa yana haura daraja 50.

Daga nan sai hazo. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tsohon gindin tabki ne da ya bushe, wanda masana ke ɗauka wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Ranar da ta sauka, rana kanta tana komawa kamar farin faifai, balle ɗan tabon da ya yi tafiyar shekara miliyan goma. Ƙurar tana kwanciya a kan gilashi, kuma babban kuskure shi ne a goge ta da bakin riga, domin yashi ne, zai karce shi. Hura ta ake yi da ƴar roba. Duk da haka, tsakanin hazo da hazo akan sami dare biyu ko uku garau, masu sanyi, kuma sanyi abokin kyamara ne. Zafi yana ƙara ɗigon ƙaryar nan, yana ninka shi kusan kowace daraja 6 ko 7 da ya hau.

Abin takaicin shi ne babbar kasuwar sama a bazara take ci, lokacin da zafi da ƙura suka haɗu. Tsakanin tauraron Sarfa da taurarin Iwa, a gefen burujin Sumbula, akwai wani fili da ido ke gani kusan wayam. A cikinsa ne biranen taurari fiye da 1,000 suka yi cincirindo, a nisan shekarar haske wajen miliyan 55. Allah ya sa wannan fili yana ratsawa kusan daidai tsakar kan mutumin Damagaram, da tsakar dare a ƙarshen Maris, bayan isha'i a watan Mayu. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, domin abin da ke tsakar ka shi ne wanda haskensa ke ratsa iska da ƙura mafi ƙanƙanta. Ƙaramin madubi yana iya kama birane goma a hoto ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, M87, shi ne wanda aka nuna wa duniya hoton baƙin ramin da ke cibiyarsa a watan Afrilu na 2019. A kudu kuma, a daidai wannan lokaci, Centaurus A yana hawa daraja 33, kamar ƙwaryar da aka ɗaure da baƙin zane. Shi kam ko leƙowa ba ya yi a Paris.

Harafin M da ke gaban waɗannan lambobi sunan Charles Messier ne, mutumin Paris mai farautar taurari masu wutsiya. Tabon nan suna ruɗa shi, sai ya jera su a takarda don kada su sake ɓata masa lokaci. A 1781 sun kai 103. Taurarinsa masu wutsiya an manta da su, takardar abin haushin ita ce ta rayu.

Farin wata ma abokin gaba ne. Daga 10 ga wata zuwa 20 gara a bar madubi a jaka. Daga 25 zuwa 5 ga wata mai kamawa shi ne lokacin aiki, kuma kalandar Hijira da ke rataye a kowane shago ta isa jagora. Sauran shiri na hankali ne. Wanda zai kafa na'ura mai ƙafa uku da jar fitila a bayan gari da tsakar dare, a wannan zamani, ya fara gaida mai gari da rana, ya sanar da jandarma. Ya sa rufaffen takalmi saboda kunama. Ya kuma san cewa ba zai daɗe shi kaɗai ba, yara za su zo.

Waɗanda suka riga

Mai karatu zai iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne. Tarihin abin bai goyi bayansa sosai ba, kuma ƴan kasuwa suna da babban rabo a ciki. Hoton farko da ya nuna murɗin Andromeda, Isaac Roberts ne ya ɗauke shi a 1888, ɗan kwangilar gine-gine a Liverpool wanda ya sa ribarsa a madubi. Hotonsa na watan Disamba na shekarar awa huɗu ya ci. A Japan, Koichi Itagaki, mai kamfanin sarrafa gyaɗa a Yamagata, ya gano fashewar taurari fiye da 100 a wasu birane. Ran 19 ga Mayu 2023 shi ne ya fara ganin wadda ta tashi a M101, a nisan shekarar haske miliyan 21, sannan manyan cibiyoyin duniya suka juya madubansu can. Hanyarsa ba ta da wani asiri: a ɗauki hoton birni yau, a gwada shi da na jiya, a ga ko an sami ƙarin ɗigo. A Janairun 2023 kuma wasu masu sha'awa su uku, Marcel Drechsler na Jamus da Xavier Strottner da Yann Sainty na Faransa, suka bayyana wani bakan hayaƙi mai dishi-dishi daura da Andromeda, wanda ƙwararru suka yi shekara da shekaru ba su lura da shi ba. Gilashin da ya kama shi bai fi santimita 10 da kaɗan ba, amma an tara masa haske fiye da awa 100.

A nan Sahel, Senegal ta nuna hanya. Ƙungiyar masu sha'awar taurari da aka kafa can a 2006, wadda Maram Kaire ya jagoranta, ta kai har hukumar NASA ta Amurka ta zo a watan Agusta na 2018 da madubai masu shiga bayan mota, aka baza su a karkara tare da ƴan ƙasa, don a auna inuwar wani dutse mai suna Arrokoth kafin kumbo ya wuce ta gefensa ran 1 ga Janairu 2019. A 2021 aka raɗa wa wani dutsen sama sunan Kaire.

Saman Damagaram ita ma an taɓa auna ta, sai dai baƙi ne suka auna, don bukatar kansu. Eduard Vogel, saurayi Bajamushe mai aiki a wani ɗakin duban taurari a London, ya iso Kukawa a farkon 1854 da kayan awonsa, yana tantance matsayin garuruwa da tsayin taurari. Yana kan hanyarsa ta zuwa Zindar ne, zamanin Tanimu, ya yi kiciɓis da Barth a daji kusa da Bundi a ƙarshen shekarar. A 1856 aka kashe shi a Wadai. Daga 1906 kuma tawagar Kyaftin Tilho, tare da takwarorinta na Ingila, ta bi ƙasar daga kogin Kwara zuwa tabkin Cadi, da rana tana kafa duwatsun iyaka, da dare tana duban taurari don sanin inda take. Ɗan kasuwar da ke tsaye yau a duwan ta Ɗan Barto, kamiyonsa cike da kaya yana jiran takarda, yana tsaye ne a kan layin da taurari suka taimaka aka ja. Da rana ta yi husufi cikakke ran 29 ga Maris 2006, inuwar ta ratsa jihohin Maraɗi da Damagaram ta nufi Kawar, nan ma masu madubai daga ƙetare suka zo, suka ɗauki hotunansu suka koma.

Yanzu kam kuɗin na'urar ya sauko inda lise Amadu Kuran Daga, ko jami'ar André Salifou, ko ma wani kwaleji na gunduma zai iya mallakar guda. A filin kokowa akan ba da kyautar da ta fi haka cikin minti ɗaya. Mushen lissafi da ya kai ɗalibansa bayan gari dare biyu a watan Nuwamba, suka dawo da hoton Andromeda na hannunsu a salula, ya koyar da gudun haske da juyawar duniya da ninkin lissafi fiye da yadda allo zai yi cikin wata uku.

Sai dai lokaci yana tafiya. Zindar, mai mutum fiye da 300,000 tun ƙidayar 2012, ta riga ta yi rumfar haske a samanta. Matatar man SORAZ tana haskaka hanyar Tanut tun 2011. Fitilun pano masu farin haske suna shiga kasuwannin ƙauye da bakin masallatai ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai hankalin da zai ce kada su shigo. Abin dubawa shi ne inda suke kallo. Fitilar da ba ta da hula tana zubar da wani kaso na haskenta sama, inda babu mai tafiya, tana kashe idon mai moto, tana cinye batiri a banza. Wadda aka sa wa hula aka sunkuyar da ita ƙasa, mai haske ja-ja maimakon fari fat, tana haska hanya da ƙaramin ƙarfi. Wannan magana ce ta layi ɗaya cikin takardar kwangila, kuma tana hannun magadan gari da perefe da ma'aikatan da ke sa hannu a kanta, tun kafin a kafa turakun. Waɗanda aka riga aka kafa kuwa, hularsu guntun kwano ce, maƙeran Zango suna iya buga ta.